Wayoyi Biyu da Rantsuwa Ɗaya

An yi wani mutum, bakanike, wanda ba a taɓa ganinsa a zaune ba. Ko shayi a tsaye yake sha, rabi ya shiga ciki rabi ya huce a kan bonet ɗin motar mutane. In yana magana da kai, idonsa na kan motar da ke shigowa. 'Yan gareji suka sa masa suna Sha-Yanzu, domin duk motar da aka kawo masa cewa yake, "Yanzun nan za ka tafi da ita." Kuma sau da yawa hakan ake yi. Allah ya ba shi hannu, wannan ba a musu. Ya san giyar mota kamar yadda uwa ta san kukan ɗanta.

Amma ya 'yan uwa, kowace baiwa da jarrabawarta take zuwa. Tasa jarrabawar ita ce son a ce. Ya fi son a ce ya yi sauri a kan a ce ya yi daidai.

Mutumin nan yana da yaya mace, ita ta raine shi bayan rasuwar mahaifiyarsu. Ita ta kai shi gareji da hannunta yana ƙarami. Duk duniya ita kaɗai ce ba ta taɓa tambayarsa "da gaske?" ba. In ya ce mata abu, magana ta zauna. In mutane suka ce ƙanenki ya cika cika-baki, sai ta ce, "Auta ba ya min ƙarya." Wannan kalma ita ce dukiyarsa mafi tsada, shi kuma bai sani ba.

Mijinta ya rasu ya bar mata 'ya'ya uku da tsohuwar mota, otomatik. Da wannan mota take ci da marayunta. Kullum da safe ta zagaya unguwa ta kwashi yaran mutane ta kai makaranta, in an tashi ta mayar da kowa ƙofar gidansu. Iyaye sun yarda da ita saboda ba ta gudu, ba ta makara.

Sai giyar ta fara ciwo. Mota ta yi ta kuka ba ta tafiya, in ta shiga giya sai ta yi fizga, yara su yi ta dariya a baya, ita kuwa zuciyarta na tafasa. Rannan a tsakiyar hanya ta ƙi gaba ta ƙi baya, sai janyo ta aka yi zuwa garejin ƙanenta.

Sha-Yanzu ya leƙa, ya shinshina man giyar, ya ce, "Yaya, wannan giyabos ya riga mu gidan gaskiya."

Ta ce, "To a yi masa addu'a, a nemo wani."

Abin da ke hannunta bai kai ko rabin kuɗin irinsa ba. Ta tsaya tana kallon motar. Shi kuwa ya zagaya motar sau biyu, ya tafa hannu ya ce a mayar da ita giyar hannu. Kayan sun fi araha a wurin masu tsofaffin kayan mota, gyaransu ya fi sauƙi, ga ta za ta rage shan mai. Kuɗin aiki kuwa, wa zai karɓi kuɗin aiki a hannun wadda ta goye shi?

Ya 'yan uwa, ku lura, har zuwa nan alheri ne tsantsa. Shaiɗan ba ya damuwa ka fara aiki da niyya mai kyau. Yana jiranka a wajen ƙarasawa.

A garejin akwai wani dattijo mai wayarin, wato haɗa wayoyin wutar mota, kowa Baba yake ce masa. Mutum ne mai sanyin hannu, in yana bin waya sai ka ce yana karanta wasiƙa. Da ya ji maganar, ya ce, "Aikin nan na mako guda ne, in an yi sauri."

Sha-Yanzu ya kwashe da dariya a gaban kowa. Ya ce, "Mako guda a hannun tsofaffi. Ni kwana uku. In rana ta uku ta faɗi motar nan ba ta fita da ƙafarta ba, ku canza min suna."

'Yan gareji suka yi shewa. Wani ya ce za su koma kiransa Sha-Gobe. Baba ya koma kan aikinsa.

Daga nan mutumin nan ya zama guguwa. Ya ratsa filin masu tsofaffin kaya lungu-lungu, har ya sami mota irin ta yayarsa wadda aka daka ta baya, gabanta lafiya lau. Ya ciro giyabos, ya ciro kuloci da farantinsa, ya ciro feda uku da sandar giya. Ya dawo ya sauke tsohon giyabos, ya huda inda za a huda, ya yanke inda za a yanke. Kusoshi biyu suka ƙi shiga, ya hau babur ya koma, ya dawo, aka ba shi waɗanda ba su ba, ya sake komawa yana zage-zage. Matarsa ta aiko da abinci, abincin ya koma yadda ya zo.

La'asar ɗin rana ta uku, komai ya hau. Ya shiga, ya murɗa makulli. Shiru.

Ya san dalili. Motar otomatik tana da mai gadi a jikinta, ba ta tashi sai giya na wurin fakin. In an cire giyabos ɗin, mai gadin ya tafi da shi, sai wayoyi biyu su rage suna lilo. Aikin gaskiya shi ne a ja wayoyin nan a kai su ga wani ɗan makunni a ƙarƙashin fedar kuloci, yadda mota ba za ta tashi ba sai an taka kuloci. Aikin ganganci kuma shi ne a fere bakinsu, a murɗe su wuri guda, a naɗe da tef. Mota za ta tashi, amma za ta tashi a kowane hali. In tana cikin giya aka murɗa makulli, zabura za ta yi gaba kamar an tsikari doki.

Ya je wurin Baba. Baba na ƙarƙashin wata babbar mota, ya ce, "Ka bari sai da safe, ɗana. Aikin awa guda ne, amma ba na barin aikin wani a buɗe."

Sha-Yanzu ya dubi rana, ta yi ƙasa. Ya dubi 'yan gareji, sun fara nuna masa agogo suna murmushi. Ya 'yan uwa, mene ne a cikin kwana ɗaya? Wa ya taɓa mutuwa don an kira shi Sha-Gobe? Amma girman kai rawanin tsiya ne, mai shi ba ya jin nauyinsa sai ya karya masa wuya.

Ya koma, ya duƙa kamar mai neman sifana. Ya fere wayoyin, ya murɗe, ya naɗe, ya cusa su can bayan inji inda ido ba ya kai. Minti biyu. Ya murɗa makulli, mota ta ɗauka. Gareji ya kaure da tafi, har da masu ɗaga hannunsa sama. A ransa ya ce, gobe zan sa makunnin, ba wanda zai sani.

Washegari yayarsa ta zo. Ya fita da ita fili ya koya mata giyar hannu, mota ta mutu mata sau goma, tana dariya tana cewa ƙafarta ta hagu ta yi shekara ashirin tana hutu, yau an tashe ta aiki. Da za ta ajiye motar sai aka ga birkin hannu ba ya kamawa. Haka motocin otomatik da yawa suke, masu su ba sa jan birkin hannu sai ya mutu a zaune ba a sani ba. Ya ce mata ba komai, duk inda ta tsaya ta bar ta a giya ɗaya, giya za ta riƙe ta.

Sai ta tsaya, ta riƙe makullin, ta ce, "Auta, ka san halina. Na saba da safe in zura hannu ta taga in tayar da ita, tana ɗumi ina share kujeru. In na manta na yi haka tana cikin giya fa? Yaran nan a gaban motar suke taruwa."

Ga ƙofa Allah ya buɗe masa, a wangale. Kalma biyar ta ishe shi: Yaya, akwai saura, bari gobe. Amma 'yan gareji biyu na tsaye a wurin, Baba na jiyo su daga rumfarsa.

Ya ce, "Na sa mata makunni. Ko ki kwana kina murɗawa ba za ta tashi ba sai kin taka kuloci."

Ta ce, "Ka tabbata?" Ba don tana shakka ba, don dai yaran mutane ne.

Ya ce, "Wallahi tallahi."

Ta yi ajiyar zuciya, ta sa masa albarka, ta ja motarta.

Ya 'yan uwa, wayar da aka murɗe ana iya kwance ta cikin awa guda. Amma ya ɗaure ta da sunan Allah. Yanzu ba zai iya gyara wayar ba sai ya kwance rantsuwar, ba zai iya kwance rantsuwar ba sai ya tsaya gaban yayarsa ya ce na yi miki ƙarya.

Daga ranar barci mai daɗi ya ƙaurace masa. Da can ba ya zama don son aiki, yanzu ya kasa zama don tsoro. In aka kira shi a waya, gabansa ya faɗi. Ya ji ƙarar birki a titi, sifana ta suɓuce masa. Ya sayo ɗan makunnin, ɗan abu kamar kan yatsa, ya jefa a aljihu, yana yawo da shi yana taɓawa. Matarsa ta ce, "Wai me ke damunka ne? Kana ta zarya kamar kazar da za ta yi ƙwai." Ya daka mata tsawa, ya fice.

Ya shiga neman dabarar raba yayarsa da motar na awa guda. Ya kira ta ya ce ta kawo a canza mai. Ta ce ai shekaranjiya ya canza. Ya ce ta ba shi aronta zai je unguwa. Ta ce ranar za ta kai surukarta asibiti. Ranar hutu ya je gidan da kayan aiki a jaka, ya tarar ta fita. Sau ɗaya ta kawo motar da kanta, amma ta jawo benci ta zauna a gefensa tana ba shi labari, tana kallon hannunsa da alfahari, har ya gama duba tayoyin da ba abin da ya same su.

Ko sau ɗaya bai yi tunanin hanya mafi gajarta ba. Ko kuwa ya yi, ya kauce.

Wata rana ya bi ta gaban makarantar daidai lokacin tashi. Ya hango motar, hancinta na kallon ƙofa. Yara sun yi cincirindo a gabanta, wasu sun jingina da bonet, wata 'yar ƙarama ta tsuguna tana ɗaura igiyar takalmi dab da taya. Taga a buɗe. Makulli na jiki yana lilo. Yayarsa na can gefe tana hira da iyayen yara.

Gumi ya karyo masa. Ya jefar da babur ya nufe ta, ya yi niyya, wallahi ya yi niyya. Tana ganinsa ta washe baki ta ce wa matan, "Ga shi nan, ga mai aikin! Kwana uku ya mayar min da tsohuwa yarinya. Har makunni ya sa min saboda 'ya'yanku." Matan suka yi ta sa albarka, wata ta ce za ta turo mijinta da motarsa.

Maganar ta zo masa har baki. Ya haɗiye ta. Ya ce, "Yaya, ki riƙa cire makulli dai, saboda ɓarayi."

Wane irin gargaɗi mutum yake jira bayan wannan? Allah ya nuna masa abin da idonsa, da rana tsaka, bai ɗauki ran kowa ba. Ya koma gareji da makunninsa a aljihu.

Mako uku ana haka. Rannan da hantsi, bayan ta sauke yara, ta shigo gareji ta ce fankar inji na wani ƙara. Ga dama ta samu. Ya ce ta ajiye motar can ciki, gaban teburin ƙarfen da ke jikin bango, ta je ta huta a rumfa. Ta ajiye, ta bar ta a giya ɗaya kamar yadda ya koya mata, ta fito. Ya buɗe bonet, ya tsaya tsakanin mota da tebur, ya zura hannu can baya yana laluben tef ɗin.

Ba ta je rumfa ba. Ta tsaya gaisawa da Baba, daidai ƙofar direba.

Baba ya ce, "Hajiya, mota ta yi kyau. Sai dai har yau ina mamakin wanda ya yi mata wayarin, don ni dai ban taɓa ta ba."

Ta ce, "Auta ne da kansa."

Baba ya ce, "To. Makunnin kuloci fa? Don ban ga ya saya a ranar ba."

Ranta ya ɗan sosu. Ta ce, "Haba Baba, ku dai ba kwa son a yabi yaro. Rantse min ya yi. Tsaya ka gani da idonka, ko an murɗa ba ta tashi."

Sha-Yanzu ya ji kowace kalma. Bonet ya kare shi, ba ya ganinta, amma ya ji awarwaronta ya bugi gilashin taga. Yana da numfashi guda. Numfashi guda ya isa ya ce, Yaya kar ki murɗa! Amma in ya faɗa, ya faɗa a gaban Baba, a gaban gareji duka. Ya tsaya neman wata kalmar da za ta tsayar da ita ba tare da ta tona shi ba.

Bai samu ba.

Inji da zafinsa, bugu ɗaya ya ɗauka. Motar ta zabura. Ta haɗa shi da teburin ƙarfe, ta ci gaba da turawa, tayoyi na ƙwaƙular ƙasa, har sai da Baba, da tsufansa, ya faɗa ta taga ya kashe ta. Waɗanda suke wurin sun ce ba ihunsa ne ya fi tsaya musu a rai ba. Ihun yayarsa ne.

A asibiti aka yanke ƙafar hagu daga gwiwa. Ta dama ta tsira, amma ba ta ƙara lanƙwasuwa ba. Mutumin da ba a taɓa gani a zaune ba, aka kwantar da shi.

Ku saurara, ya 'yan uwa, don ba a nan faɗuwar ta ƙare ba.

Yayarsa ta ɗauka ita ta yi. Ta ɗauka akwai abin da ta taɓa ba daidai ba, har makunnin ya saki. Kwana huɗu tana bakin gadonsa, ba ci ba sha, tana riƙe da hannunsa tana cewa, "Auta ka yafe min, ni na nakasa ka." Shi kuma yana kwance yana kallon silin, yana cewa, "Ba komai Yaya, ƙaddara ce." Ya bar ta da wannan dutse a ƙirji kwana huɗu.

Rana ta biyar Baba ya zo. Ya jira ta fita alwala, ya zaro wani abu daga aljihu ya ajiye masa a ƙirji. Guntayen wayoyi biyu ne a murɗe, da tef ɗinsu.

Ya ce, "Ban nuna wa kowa ba. Amma baiwar Allah nan za ta haukace. Ko ka faɗa mata kafin in tashi daga kujerar nan, ko in faɗa."

Da ta dawo, ya faɗa. Bai iya kallonta ba. Ya faɗi kwana ukun, ya faɗi tef ɗin, ya faɗi makunnin da ya yi mako uku a aljihunsa.

Ba ta yi kuka ba. Ta dube shi ta ce, "Ranar da ka zo makaranta, ka ga yaran a gaban motar?"

Ya ce, "Na gani."

Ta ce, "Ka sani a ranar?"

Ya ce, "Na sani."

Ta gyaɗa kai, ta ɗauki mayafinta, ta fita.

Labari ya bazu. Iyaye suka janye 'ya'yansu, wa zai ga laifinsu? Baba ya gyara wayarin kyauta cikin awa guda, amma ita ba ta ƙara iya riƙe sitiyari ba, in ta kai hannu ga makulli sai ta janye shi. Aka sayar da motar. Marayu uku suka rasa abin da ake ciyar da su da shi. Rumfarsa a gareji wani ya shiga.

Ba ta yanke zumunci ba, mace ce mai tsoron Allah. Tana zuwa duba shi, tana kawo abin da ya sawwaƙa. Amma in ya ce mata ya sha magani, sai ta juya ta tambayi matarsa. In ya ce mata likita ya ce kaza, sai ta ce a nuna mata takarda. Ya taɓa ce wa wani maƙwabcinsa ya saba da rashin ƙafar, amma wannan juyawar da take yi ta tambayi wani, kullum sabuwa ce.

Ya 'yan uwa, ina masu sana'a? Ina bakanike, ina magini, ina mai haɗa wutar gida, ina mai ba da magani? Kowannenmu yana da wurin da idon mai kaya ba ya kaiwa. Can ne ake auna imaninka, ba a sahun gaba ba. Kuskure a aiki ba shi ne ya halaka mutumin nan ba, kowa na kuskure. Abin da ya halaka shi, ya rufe kuskuren da sunan Allah, sannan ya fifita gudun kunyar minti ɗaya a kan rayukan 'ya'yan mutane. Sau nawa aka buɗe masa ƙofa? Sau nawa ya ce gobe?

In akwai wanda ka ce wa ka gama alhali ba ka gama ba, kada ka jira ka sami dabara. Tashi daga nan ka je ka same shi. Zai yi fushi, zai faɗa maka magana, wataƙila a yi maka dariya. Ka ɗauka. Yana da sauƙi yau fiye da ranar da gaɓoɓi za su yi magana baki na rufe.

Ya Allah, ka tsare harsunanmu daga rantsuwar ƙarya, ka tsare hannayenmu daga ha'inci. Ka ba mu ƙarfin cewa mun yi kuskure tun akwai sauran lokaci. Kada ka sa waɗanda suka yarda da mu su cutu ta hannunmu. Allah ya kiyaye mu, ya kiyaye zuriyarmu. Amin.